Ƙofa Da Akwatin Ƙuri'a: Yadda Masu Karatun Labarun Kimiyya Ke Yin Taronsu Na Duniya

A kowace shekara, galibi cikin watan Agusta, dubban mutane daga ƙasashe dabam-dabam sukan ɗaura kayansu su nufi wani babban birni da aka zaɓa, su zauna can kwana biyar suna taro. A cikinsu akwai likitoci da injiniyoyi da malaman makaranta da akawuna, akwai 'yan makaranta, akwai kuma tsofaffi masu dogara sanda. Abin da ya tara su shi ne son karanta irin labarun nan da ake ƙagawa a kan ilmin kimiyya, watau labarun tafiya taurari cikin kumbo, da mutum-mutumi mai tunani, da halittun wasu duniyoyi, da yadda zaman 'yan Adam zai kasance nan da ɗaruruwan shekaru. Sunan wannan taro Worldcon, ma'anarsa taron duniya na ma'abota ƙagaggun labarun kimiyya.

Wanda ya ji labarin daga nesa zai ce ai wasan yara ne manya suka ƙi bari. To, amma a wurin wannan taro ne ake ba da lambar yabo ta Hugo, wadda marubutan irin waɗannan labarai ke girmamawa ƙwarai, domin littafin da ya ci ta yakan sami kasuwa, a fassara shi cikin harsuna da yawa, wani lokaci har a mai da shi sinima. Abin lura kuwa shi ne ba gwamnati ke ba da lambar ba, ba kuma kwamitin shehunan malamai ba. Masu karatu ne da kansu ke jefa ƙuri'a. Saboda haka tun ran da aka fara taron har zuwa yau, rigimarsa ba ta wuce tambaya biyu: wa za a bari ya shigo ta ƙofa, wa kuma za a amince wa ya ƙirga ƙuri'u.

DAGA SHAFIN WASIƘU

Tushen abin daga filin wasiƙu na wata mujalla ya fito. Cikin watan Afrilu na 1926 wani mutum mai suna Hugo Gernsback, haifaffen ƙasar Luxembourg wanda ya ƙaura zuwa Amurka, ya fara buga mujallar Amazing Stories a birnin Niyok. Ita ce mujalla ta farko da ta keɓe kanta ga labarun kimiyya kaɗai. Da farko tsofaffin labarun Jules Verne na Faransa da H. G. Wells na Ingila ya riƙa sake bugawa. Ba a daɗe ba ya buɗe filin wasiƙun masu karatu, ya kuma riƙa buga wasiƙar mutum tare da adireshinsa. Yaron da ke zaune a wani ɗan ƙauye, wanda 'yan ajinsu ke yi wa dariya don yana maganar zuwa duniyar wata, sai ya ga ashe akwai irinsa a wasu garuruwa, ga ma sunayensu da unguwanninsu. Nan da nan ya ɗauki alƙalami ya rubuta musu kai tsaye.

Daga musayar wasiƙu aka koma kafa ƙungiyoyi, daga nan kuma aka shiga buga 'yan ƙananan mujallu waɗanda ake gurzawa a inji a aika ta gidan waya. Wadda aka fi ɗauka ita ce ta farko ta fito a Shikago cikin 1930, sunanta The Comet, watau tauraruwa mai wutsiya. Cikin Oktoba na 1936 wasu samari 'yan Niyok suka ziyarci takwarorinsu na Filadalfiya, suka kira wannan zama nasu taro. Cikin Janairu na 1937 kuma aka yi wani a garin Leeds na Ingila, wanda Arthur C. Clarke ya halarta yana saurayi. Har gobe ba a daina gardama tsakanin Amurkawa da mutanen Ingila a kan wanne ne na fari ba.

Shi kuwa Worldcon na farko an yi shi daga ran 2 zuwa ran 4 ga Yuli, 1939, a wani zaure da ake kira Caravan Hall a Niyok, daidai lokacin da birnin ke karɓar baƙi domin Bajen Kolin Duniya. Sunan duniya ne kawai, don kusan dukan mahalarta Amurkawa ne. Mutum wajen 200 suka zo, yawancinsu samari. Isaac Asimov yana wurin, shekarunsa 19. Ray Bradbury ma yana wurin, shekarunsa 18, sai da ya ranci kuɗin mota kafin ya iya tasowa daga Los Anjalis. Babban baƙo shi ne Frank R. Paul, mai zanen bangon mujallu. Wani saurayi, Forrest Ackerman, da abokiyar tafiyarsa Myrtle Douglas, suka zo sanye da tufafin mutanen zamani mai zuwa waɗanda ita Myrtle ta ɗinka. Daga wannan shiga tasu ce al'adar yin shigar jaruman labarai ta samo asali.

A ranar farko aka fara rigimar ƙofa. Akwai wata ƙungiyar samari a Niyok mai suna Futurians, masu karkata ga ra'ayin gurguzu, waɗanda suka daɗe ba sa ga maciji da masu shirya taron, irin su Sam Moskowitz. Da aka ci karo da wata 'yar takarda mai gargaɗin jama'a su yi hattara da kama-karyar shugabannin taro, sai aka tsare ƙofa, aka hana mutum shida daga cikinsu shiga. A cikin waɗanda aka kora akwai Frederik Pohl da Donald Wollheim. Duniya juyi-juyi, wai kwaɗo ya faɗa ruwan zafi. Pohl ya zama shahararren marubuci da edita, shi ne babban baƙon taron 1972, littafinsa Gateway kuma ya ci lambar Hugo cikin 1978. Wollheim ya kafa kamfanin ɗab'i na DAW, shi ma aka zaunar da shi a kujerar babban baƙo cikin 1988.

Bayan Niyok aka yi taron Shikago cikin 1940 da na Denver cikin 1941, sa'an nan Yaƙin Duniya na Biyu ya tsai da shi har 1946. Tun daga wannan shekara ba a sake fashi ba. Sannu a hankali taron ya fara cancantar sunansa: Toronto ta Kanada cikin 1948, Landan cikin 1957, Heidelberg ta Jamus cikin 1970, Melbourne ta Ostareliya cikin 1975, Yokohama ta Japan cikin 2007, Helsinki ta Finland cikin 2017. Na 2020, wanda aka shirya yi a Wellington ta New Zealand, annobar korona ta sa dole aka yi shi ta intanet.

ABIN DA BAƘO ZAI TARAR

Abu na farko da zai ba sabon zuwa mamaki shi ne ba a sayar masa da tikiti. Kuɗin da ya biya na zama ɗan ƙungiya ne, watau Ƙungiyar Labarun Kimiyya ta Duniya, wadda ba ta da shugaba na dindindin, ba ta da ofis, ba ta kuma biyan kowa albashi. Duk wanda ya biya kuɗin wannan shekara ya zama mamba, yana da ƙuri'a ɗaya. A teburin rajista za a ba shi bajo mai ɗauke da sunansa ya rataya a wuya, da ɗan littafin tsarin abubuwan da za a yi. Matar da ta miƙa masa bajon wataƙila lauya ce a garinsu, ita ma ta biya kuɗinta kamar kowa, ta kuma ɗauki hutu daga wurin aikinta don ta zo ta tsaya a teburin nan. Haka masu jera kujeru, da masu kula da lasifika, da masu riƙe da lissafin kuɗi, har shugaban taron kansa. Aikin gayya ne tun daga sama har ƙasa.

Daga hantsi zuwa dare ana yin ɗaruruwan zaman tattaunawa, da yawa a lokaci guda cikin ɗakuna dabam-dabam, har mutum ya rasa wanda zai zaɓa. A wannan ɗaki masanin taurari na bayanin duniyoyin da aka gano suna kewaya wasu taurari. A na kusa da shi mafassara na gardama a kan yadda za a juya barkwanci daga wani harshe zuwa wani. Gaba kaɗan editoci na gaya wa sababbin marubuta dalilan da ke sa a mayar musu da rubutunsu. Akwai kuma wani tsari da jama'a ke rububinsa, inda marubuci zai zauna a tebur da mutum kamar goma waɗanda suka riga rubuta sunansu, a sha gahawa a yi hira ta sa'a ɗaya. Marubucin da aka sayar da miliyoyin littattafansa yakan bi layin shayi tare da ɗan makarantar da ya karanta su, in ɗan makarantar na da ƙorafi a kan ƙarshen labari ya faɗa masa gaba da gaba.

A wani katafaren zaure kuma kasuwa ce ke ci. Ga dillalan tsofaffin littattafai da mujallun da takardarsu ta yi ja don daɗewa, ga masu zane sun baje ayyukansu ana tayi. Dare guda akan keɓe shi domin gasar shiga, inda mutum zai hau dandamali cikin tufafin da ya yi watanni yana ɗinkawa da hannunsa, alƙalai su duba har bayan ɗinkin. In dare ya yi nisa sai a koma liyafa a otal, musamman wadda garuruwan da ke neman karɓar taro nan gaba ke shiryawa, domin mambobi ne ke zaɓen garin da za a je, shekara biyu kafin lokacin. Tun 1976 ma akwai liyafar waɗanda suka faɗi takarar Hugo, wadda George R. R. Martin da abokinsa Gardner Dozois suka fara don su huce takaici.

Masu sinima da talabijin sun daɗe da sanin amfanin wannan jama'a. Cikin 1966, a taron Cleveland, Gene Roddenberry ya nuna wa mahalarta shirinsa na Star Trek 'yan kwanaki kafin a fara nuna shi a talabijin. Cikin 1976, a Kansas City, aka kawo hotuna da kayan wasan Star Wars tun fim ɗin bai fito ba. Duk da haka Worldcon bai zama kasuwar kamfanoni ba. Taron San Diego na littattafan zane, wanda aka fara cikin 1970, yakan tara fiye da mutum 130,000, manyan kamfanonin sinima kuma su ne ke cika masa zaure. Worldcon kuwa dubbai kaɗan yake tarawa. Na 1984 a Anaheim, wanda aka daɗe ana ba da labarin cikarsa, mutum 8,000 ne da 'yan kai. Har wa yau littafi da mai karanta shi su ne kan gaba.

Zumuncin wannan jama'a ya kai har ga yin karo-karo. Cikin 1952 masu karatu na Amurka suka haɗa kuɗi suka ɗauko wani ɗan Belfast mai suna Walt Willis, wanda suka sani ta rubuce-rubucensa a ƙananan mujallu, suka kawo shi taron Shikago. Abin ya yi armashi, har cikin 1953 aka kafa asusu na dindindin domin tura mutum daga wannan gefen Tekun Atlantika zuwa wancan, wanda aka zaɓa kuma ya rubuta labarin tafiyarsa in ya komo.

YADDA AKE ZAƁEN GWANI

An fara ba da lambar Hugo a Filadalfiya cikin 1953, aka tsallake 1954, daga 1955 ta zama ta kowace shekara. Sunan Gernsback aka sa mata. Siffarta ɗan kumbo ne na ƙarfe a tsaye, kowane gari kuma shi ke zana gindin da za a ɗora shi a kai. Ko kwabo ba a haɗawa da ita. Littafin farko da ya ci shi ne The Demolished Man na Alfred Bester. An raba labaran bisa tsawonsu: abin da bai kai kalma 7,500 ba gajere ne, daga nan zuwa 17,500 aji ɗaya, daga nan zuwa 40,000 wani aji, abin da ya haura haka shi ne cikakken littafi. Akwai kuma rukunin editoci da masu zane da fina-finai, da na masu rubutun sha'awa waɗanda ba a biyansu.

Zaɓen hawa biyu ne. Da fari kowane mamba zai rubuto har abu biyar da suka burge shi a kowane rukuni daga cikin abin da aka buga bara. Daga nan a fitar da shida da suka fi samun goyon baya. A zagaye na biyu mai zaɓe zai jera su bi da bi, daga wanda ya fi so zuwa na ƙarshe. In babu wanda ya sami fiye da rabin ƙuri'u, sai a cire na ƙasa, a raba ƙuri'unsa ga waɗanda masu zaɓensa suka sa a matsayi na biyu, a yi ta yin haka har gwani ya fito. A kowace takardar ƙuri'a akwai layi na musamman da ke nufin babu wanda ya cancanta, shi ma yana iya cin zaɓe. Dokokin duka a rubuce suke, ba a kuma iya canza ko ɗaya sai an amince da canjin a taro biyu a jere, don kada mutanen gari ɗaya su juya ƙungiyar yadda suka ga dama.

Tun da dubbai kaɗan ne ke zaɓen, ƙaramin gungu mai haɗin baki yana iya yin ɓarna. Haka ya faru cikin 2015. Wasu ƙungiyoyi biyu masu kiran kansu 'Yan Kwikwiyo, waɗanda ke ƙorafin wai an mai da lambar ta mata da baƙaƙen fata da masu wa'azin siyasa, suka fitar da jerin sunaye suka ce magoya bayansu su rubuta su gaba ɗaya. Dabarar ba ta karya doka ba, ta kuwa ci, don sun mamaye yawancin gurabun zagaye na farko. Da labari ya bazu sai jama'a suka yi ta yin rajista, aka jefa ƙuri'a kusan 6,000, abin da ba a taɓa gani ba kafin nan. A daren ba da lamba a garin Spokane, rukuni biyar aka ce babu wanda ya cancanta, daidai yawan lokutan da aka taɓa yin haka a dukan shekarun baya. Daga bisani aka gyara hanyar ƙirga zagaye na farko domin a rage ƙarfin masu jerin sunaye, sabon tsarin ya fara aiki cikin 2017.

A wannan dare na 2015 littafin Liu Cixin na ƙasar Sin, The Three-Body Problem, wanda Ken Liu ya fassara, ya zama fassararren littafi na farko da ya ci babbar lambar. Cikin 2016 N. K. Jemisin ta zama baƙar fata ta farko da ta ci ta, ta sake ci cikin 2017 da 2018, abin da babu marubucin da ya taɓa yi sau uku a jere.

DAGA CHENGDU ZUWA GILASGO

Jarrabawar da ta fi tsanani ta zo ne daga hannun masu ƙirga. Cikin Disamba na 2021 birnin Chengdu na ƙasar Sin ya ka da Winnipeg ta Kanada da rata mai yawa, aka yi taron can daga ran 18 zuwa ran 22 ga Oktoba, 2023, cikin wani sabon gidan tarihi na labarun kimiyya da aka gina a bakin tafki. An yi biki na gani na faɗa, matasan Sin kuma sun cika wurin maƙil. Amma aka yi ta jan ƙafa wajen fitar da alƙaluman zagaye na farko har Janairu na 2024. Da suka fito sai aka ga an rubuta wa wasu cewa ba su cancanci shiga ba, babu wani dalili da aka bayar. A cikinsu akwai littafin Babel na R. F. Kuang, wanda ya riga ya ci lambar Nebula, ya kuma sami ƙuri'un da suka isa su kai shi zagaye na biyu.

Cikin Fabrairu na 2024 asiri ya tonu. Wasiƙun da suka fita daga cikin kwamitin sun nuna cewa masu kula da zaɓen, waɗanda Amurkawa ne da 'yan Kanada, sun bi tarihin 'yan takara suna duba ko wani ya taɓa yin maganar Tibet ko Taiwan ko Hong Kong yadda za ta ɓata wa hukumomin Sin rai. An kuma ji cewa an zubar da ƙuri'u masu yawa na masu karatu 'yan ƙasar Sin bisa zargin haɗin baki. Aka tsawata wa wasu, wasu suka yi murabus. Adrian Tchaikovsky na Ingila, wanda ya ci lamba a wannan shekara, ya ce ba zai ƙara lissafa ta cikin nasarorinsa ba. Lambar da ba kuɗi a cikinta, in aka cire amana, guntun ƙarfe kawai ya rage.

Mutanen Gilasgo ta ƙasar Sikotland, waɗanda suka karɓi taron 2024, sun ɗauki darasi. Cikin Yuli, tun kafin a taru, kwamitinsu ya fito fili ya ce daga cikin ƙuri'u 3,813 da aka jefa ya soke 377 saboda aringizo ne. Ya kuma faɗi yadda ya gane su: akwai jerin masu zaɓe da sunansu iri ɗaya ne sai harafin farko da ke canzawa bi da bi, akwai kuma waɗanda sunayensu lambobi ne a jere da aka fassara. An yi aringizon ne don a taimaki ɗan takara guda, amma da yake babu shaidar cewa ya sani, ba a ambaci sunansa ba, ba a kuma kore shi ba. Da aka cire ƙuri'un bogi sai ya zamana bai ci ba. Ana gama ba da lambobi aka baje alƙaluma kowa ya gani. Shekarar da ta biyo, a Seattle, ƙura ta sake tashi da aka ji an yi amfani da ChatGPT wajen binciken waɗanda suka nemi yin magana a taron, har masu kula da zaɓen Hugo suka ajiye aiki, shugabar taron kuma ta ba da haƙuri.

INA AFIRKA?

Marubutan da ke da jinin Nijeriya sun riga sun shiga wannan fage. Nnedi Okorafor, wadda aka haifa a Amurka iyayenta Ibo, ta ci lambar Hugo cikin 2016 da labarinta Binti, tana kuma cikin manyan baƙin taron Gilasgo. Littafinta The Shadow Speaker na 2007 a Jamhuriyar Nijar ta kafa shi cikin shekarar 2070, a Noor na 2021 kuma ɗaya daga cikin jaruman Bafillatani ne makiyayi a arewacin Nijeriya. Oghenechovwe Donald Ekpeki ya ci lambar Nebula cikin 2022 da labarin O2 Arena, mai siffanta wata Nijeriya da ake sayen iskar numfashi da kuɗi, ya kuma kai zagaye na biyu na Hugo. Wole Talabi ya kai wannan matsayi cikin 2023.

Wurin masu karatu ne gizo ke saƙar. Har zuwa taron 2025 ba a taɓa yin Worldcon a Afirka ba. Wanda ba zai iya zuwa ba yana iya biyan kuɗin zama mamba ya yi zaɓe daga gida ta intanet, galibi ma akan aiko masa da yawancin labaran da ke takara ya karanta a wayarsa. Sai dai a 2025 kuɗin dala 50 ne, watau wajen Naira 75,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a Nijeriya cikin 2024 Naira 70,000 ne a wata. Wanda kuma ya haɗa kuɗin jirgi da na otal, sauran biza. Shi kansa Ekpeki, yana ɗan takara, an hana shi bizar zuwa taron Shikago cikin 2022, sai da aka yi ta kai gwauro ana kai mari kafin a ba shi. Babu mai tsare ƙofa kamar yadda aka yi cikin 1939, amma canjin kuɗi da ofishin jakadanci sun isa su tare mutum tun daga gida. Sakamakon haka shi ne ana rubuta yadda Afirka za ta kasance nan gaba, ana kuma zaɓen wanda ya fi iya rubutawa, yawancin masu zaɓen kuwa ba a Afirka suke zaune ba.

Wasu ba su tsaya jiran a buɗe musu ba. Cikin 2012 aka fara taron littattafan zane na Legas. Cikin 2014 Mazi Nwonwu da Chinelo Onwualu suka kafa mujallar Omenana a intanet domin irin waɗannan labarai daga marubutan Afirka. Cikin 2017 aka fara ba da lambar Nommo a bikin littattafai na Ake a Abeokuta, sunan kuwa daga tatsuniyoyin Dogon na ƙasar Mali aka ɗauko shi, mambobin ƙungiyar marubutan Afirka ne kuma ke zaɓe.

Hausa ma ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. Cikin 1969, shekarar da kumbon Afolo 11 ya sauke mutum a duniyar wata, kamfanin ɗab'i na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaron da wani baƙo daga sama ya ɗauka suka yi yawo a sararin samaniya. Dokar Hugo kuwa ba ta ware harshe ba. Labarin da aka buga cikin kowane harshe yana iya shiga takara a shekarar da ta bi fitowarsa, ya kuma sake samun dama in an fassara shi zuwa Turanci. Watau babu dokar da ta hana labarin Hausa. Abin da zai kai shi can shi ne masu karatu da suka san juna, suka karanta, suka yi gardama, suka rubuta sunansa.

Irin waɗannan masu karatu kuwa ba a rasa su ba. Waɗanda suka riƙa aika wasiƙu ana bugawa a bayan littattafan Kano cikin shekarun 1990, da waɗanda ke bin labari babi-babi a WhatsApp, abin da samarin Gernsback suka yi shi suke yi. Abin da ya rage shi ne su haɗu ido da ido. Zauren makaranta ɗaya ya isa, da ranar Asabar ɗaya, da kwamitin da zai yi aikin gayya. In sun tashi zaɓen gwaninsu, tarihin Worldcon ya riga ya nuna musu inda ramukan suke: a rubuta doka kafin a fara, kada a tare wa abokin gardama ƙofa, a kuma karanta yawan ƙuri'un kowa a gaban jama'a kafin a watse.